Takardar shaidar cewa a gidanku ba wanda ya yi jami'a

Ranar da aka kira sunan Auta cikin waɗanda suka ci bak, jarrabawar ƙarshen lise da ke buɗe ƙofar jami'a, ko ruwa ba mu tsaya sha ba. Na ɗora ta bayan babur muka bar Maraɗi muka kama hanyar Tsibiri, muka ratse zuwa ƙauyenmu. Inna ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo ta kan darni suna tambayar wa ya haihu. Baba kuwa bai ce uffan ba sai bayan la'asar. Yana zaune kan buzu a zaure yana ɗaure igiyar amalanke da ta tsinke, ya ɗago ya dube ni, ba ita ba, ya ce, "To, nawa na?"

Tambayar da ya yi mini ke nan a 2013, a wannan zauren, kila ma a kan wannan buzun. A lokacin ban san amsa ba. Yanzu na sani, amma ba amsar da ake faɗa wa tsoho da baki ɗaya ba ce, don haka na ce masa bari in yi lissafi. Lissafin ne ya kawo ni ga wannan rubutu.

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, har yau Inna ba ta kama sunana, sai dai ta ce "yayansu". Ni ne kuma na farko da ya taka jami'a a duk zuri'ar kakanmu, maza da mata. Da an haife ni shekara biyar kafin lokacina, da wuya in yi. Kafin 2010, galibi wanda ya ci bak a nan sai ya haɗa kaya ya nufi Yamai, Jami'ar Abdu Mumuni, tafiyar kilomita fiye da 600, ko kuwa ta Musulunci da ke Sayi in ɗan larabci ne. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, tamu kuma ita ce daga baya aka sa wa sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo. Wannan kaɗai ya yafe wa irina abin da ya fi kuɗin makaranta nauyi, wato nisa. Baba ba zai taɓa yarda in je garin da ba shi da kowa ba. Maraɗi kuwa akwai Kawu a Bagalam, akwai direbobin ƙauyenmu da ke shigowa duk ranar kasuwa.

Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati ba wani abin tashin hankali ba ne, in ba da gaskiya. Ko ɗan akuya ya fi su. Abin da ya kusa kayar da ni tun kafin in shiga aji shi ne dosiye, wato tarin takardun da ake haɗawa a kai don neman shiga. A takardar haihuwata an rubuta sunan Baba da wani harafi, a takardar birbe, ta gama koleji, kuma an rubuta shi da wani, kamar yadda malaman biro suka ga dama suka mayar da sunan Hausa cikin bakin Faransa. Mutum ɗaya ne, kowa ya san mutum ɗaya ne, har wanda ke zaune bayan teburin ya sani, amma ya ce takarda ba ta sani ba. Sau huɗu ina zuwa ina dawowa. Kowane zuwa kuɗin mota, kuɗin tambur, kuɗin fotokofi, kuɗin hoto. Na yi kwana goma sha ɗaya a kan abin da wani ɗan ajinmu, ɗan ma'aikaci, ya gama tsakanin azahar da la'asar. Ba cin hanci ubansa ya ba kowa ba. Ya dai san wace ƙofa ake fara ƙwanƙwasawa, ya san cewa a yi kofe biyar-biyar tun farko, ya san ranar da mai sa hannu ba ya zama. Wannan sani gado ne, kamar gona, kuma ni ba a bar mini ko taki ɗaya daga cikinsa ba.

Zaɓen fanni ma haka. Ba wanda zan tambaya a gida. Wani mushenmu na lise ya ce in ɗauki aikin gona, na ɗauka. Da na gaya wa Baba, ya ajiye ƙoƙon fura ya ce, "Noma? Mi za a koya maka a birni wanda babu shi nan bayan gida? Kuma da kuɗi?" Dariya aka yi ta yi a zauren, har da ni. Abin haushin shi ne, a shekara ta biyu wani malami ya yi mana darasi guda a kan yadda manoman yankin Maraɗi suka dawo da itatuwa gonakinsu tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin tohon kututture da sassabe shi maimakon ƙone shi, abin da masana daga ƙasashen waje ke zuwa kallo. Ina rubutawa a kaye ina ganin gawon gonarmu a idona. Ban gaya wa Baba wannan ba sai da na gama, don kada ya ce a mayar masa da kuɗinsa.

Shekaru huɗu na yi ina kwana a zauren Kawu tare da yaran shagonsa biyu. Karatu a ƙarƙashin fitilar titi in an ɗauke kuran a gida. Bursu, kuɗin tallafin da gwamnati ke ba ɗalibai, kan zo wata uku-uku in ta zo, kuma takan yi nawa har mai shagon unguwa ya daina amsa sallamata da fara'a. Duk Juma'a Inna na aiko da ƙullin ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa a kwalbar magani, wani lokaci da dala ɗari a naɗe cikin leda a tsakiyar ƙullin. Da garin rogo da wannan ƙuli-ƙulin na yi lisans, digirin farko. Amma duk wannan ni ya shafa. Abin da ya shafi Baba, wanda kuma shi yake nufi da "nawa na", shi ne damina. Sau da dama ana cikin noman farko ni ina aji ko ina jarrabawa. Hannu ɗaya ya fita daga gona, kuma hannun babban ɗa. Sai ya ɗauki ƴan barema, ya biya su da hatsin da ya kamata ya kai mu kaka. Ba wani rasit da ke nuna wannan kuɗi, ba kuma wata gwamnati da za ta ce ta yafe shi.

To ana nan, kwanakin baya muna shan shayi a bakin shagona da wani abokina da ya yi karatu a Indiya, na kawo masa kukan Auta. Sai ya ba ni labarin jihar Tamil Nadu, can kudancin ƙasar, inda birnin Cennai yake. Tun 2010 gwamnatin jihar take ɗauke wa ɗalibi kuɗin karatu in shi ne na farko da zai yi digiri a gidansu. Ba a duba arzikin gidan, ba a kuma duba asali, alhali Indiya ƙasa ce da sau da yawa ake rataya tallafi a kan asalin mutum. Sharaɗin dai a ce babu mai digiri a gidan. Ba kowane karatu ba ne kuma, sai na sana'a kamar injiniya da likita, kuma sai wanda ya sami gurbi ta hanyar rabon gurabe na gwamnati, ko da kwalejin da aka tura shi mai zaman kanta ce. Akwai takarda ta musamman da jami'in gunduma ke bayarwa, mai shaida cewa a wannan gida ba wanda ya taɓa yin digiri, uba da ɗa kuma su sa hannu cewa ba ƙarya suka yi ba.

Na daɗe ina juya wannan takardar a raina. Mu nan duk takardun da muke nema na shaidar abin da muke da shi ne, haihuwa, ƙasa, birbe, bak. Ga wata ƙasa inda rashi ne ake buga wa hatimi, kuma hatimin ya zama kuɗi. Da akwai ta a 2013, da na fi kowa cancanta, in dai ba a sake samun harafin da ya saɓa ba.

Da farko na ce a raina, a nan me za ta yi? Kuɗin da za a yafe bai taka kara ya karya ba. Amma sai na tuna abokina na lise, wanda muka zauna benci ɗaya shekara uku. Ya fi ni kai, ba tawali'u nake ba, lissafin da nake kwana a kansa shi yana tafe yana cin gyaɗa yake warware shi. Ya ci bak da maki sama da nawa. Ubansa mai saƙar tabarma ne a wani ƙauye wajen Madarunfa. Da aka zo maganar jami'a, wani baffansa da ya taɓa zama a Kano ya ce wannan wurin na ƴaƴan alhazai ne, sai an sayar da gona. Ba wanda ya je ya tambaya. Ba su san wa za su tambaya ba, shi kuma yaron kunya ta hana shi musu da baffa a gaban uba. A 2014, da labarin zinariyar Jado ya cika gari, ya bi ayari ya yi arewa. Ya dawo da ɗan abin da ya sayi babur, yau kabu-kabu yake a cikin Maraɗi. Idan ya ɗauke ni ba ya karɓar kuɗina, ni kuma ba na iya kallon ƙeyarsa ba tare da na ji wani abu ya tokare ni ba.

Kuɗin da ya tsayar da shi bai kai abin da yake samu a mako guda yanzu ba. Abin da ya rasa shi ne wata murya daga sama da ta fi ta baffa ƙarfi. Da mai gari ya kira uban nan ya ce ga takarda daga gwamnati, ɗanka na cikin waɗanda aka ɗauke wa kuɗi saboda shi ne na farko a gidanku, ina da yaƙinin tsohon zai ɗaga kai ya ce a tafi. A wajen talaka, yafiya irin wannan gayyata ce kafin ta zama kuɗi. Tana gaya masa an san da shi, wurin ba haramun ba ne ga ɗansa. Kuma tana ba yaro abin riƙewa a zaure lokacin da manya ke yanke masa hukunci yana zaune a ƙasa. Wanda ubansa ya yi jami'a ba zai fahimci wannan ba, don a gidansu ba a taɓa zama a kan ko za a je ba, sai dai a kan wace za a je.

Dalilin da ya sa ban ga bashi a matsayin madadinta ba ke nan. Maƙwabtanmu na Najeriya sun kafa asusun ba ɗalibai rance a 2024, NELFUND, ba ruwa a kansa, kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya. Ga wanda ya riga ya shiga, yana neman abin da zai riƙe shi, taimako ne babba. Amma je ka gaya wa Baba cewa ɗiyarsa za ta fara rayuwa da bashin gwamnati a wuya. Mutumin da ko goro bai taɓa ci bashi ba ya kwana. Zai ce a bar shi, Allah ya kawo miji.

Sai dai labarin Tamil Nadu yana da wutsiya, kuma wutsiyar ce ta mare ni. Na tambayi abokin nawa, to Auta fa? Ya yi dariya ya ce ai Auta ba ta ciki. In wa ko ya sun riga sun yi digiri, ko sun riga sun ci wannan tallafi, ƙane ba ya samu. Gidanku akwai mai digiri. Na ce wa? Ya nuna ni da kofin shayi.

Bari in gaya muku abin da mai digirin gidanmu ya zama. Na gama lisans a 2017. Na yi bautar ƙasa, abin da muke cewa sibik, shekara biyu, ina zaune a wani ofishi ina jera takardu. Da ta ƙare aka yi mini godiya. Na kai dosiye wurare da ban iya ƙirgawa ba, har mai fotokofin bakin kasuwa ya ajiye kofen takarduna a aljihun teburinsa, in na zo sai ya ce guda nawa yau. Furoje-furojen da ke aikin gona a yankin nan duk suna neman wanda ya yi shekara uku ko biyar yana aiki. Hanyar samun waɗannan shekaru ita ce istaj, zaman koyon aiki a ma'aikata, wanda galibi ba a biya, wato sai kana da gidan da zai ci gaba da ciyar da kai kana sa riga mai guga kana fita da safe. Ɗan ma'aikacin nan da ya gama dosiye kafin la'asar ya yi istaj wata goma sha takwas yana cin tuwon gidansu, yau yana yawo cikin farar mota mai tambari a ƙofa. Ban yi masa hassada ba, yaron kirki ne, kuma ya san aikinsa. Ni a wata na uku aka aiko cewa rumbu ya yi ƙasa. Konkur kuwa, jarrabawar ɗaukar aiki, in an buɗe, gurbi kaɗan ne, masu nema kamar fara.

Yanzu ina koyar da kimiyyar halittu a wata makaranta mai zaman kanta da safe, ana biyana da awa, da yamma kuma ina zaune a ɗan shagona ina sayar da irin kayan lambu da maganin ƙwari da taki ga masu noman rani na Jiratawa da bakin gulbi. Ina da mata da ƴaƴa biyu, ina haya. Ba na kwana da yunwa, alhamdu lillahi. Amma in aka ce gidanmu ya fita daga sahun masu buƙata saboda ni, to an yi wa takarda adalci an zalunci mutane.

Akwai kuma abin da ba a faɗa game da zama na farko. Kai ba ɗalibi ba ne kawai, kai gwaji ne, duk ƙauye na kallo. Shekarar da na shiga jami'a, yara uku a unguwarmu aka bari suka wuce koleji saboda ni. Shekarar da aka ga na buɗe shago, wani maƙwabcinmu ya cire ɗansa daga aji na uku ya kai shi Kano koyon gyaran salula. A gabana ya faɗa, ba da mugunta ba: "Wanda ya kai ƙarshen boko ga shi nan yana auna iri da cokali. Gara wanga ya fara tun yanzu." Me zan ce masa? Yaron yau ya fi ni samu. Idan ɗan ma'aikaci ya rasa aiki, shi kaɗai ya rasa. Idan na farko a ƙauye ya rasa, ya rufe ƙofa a kan yara goma da ke bayansa. Shi ya sa duk wanda zai yafe kuɗin shiga ya tsaya nan, rabin aiki ya yi, kuma rabin da ya bari yana iya cinye wanda ya yi. A can Tamil Nadu ma, inda kwalejojin injiniya suka kai ɗaruruwa, shekara da shekaru ana gama rabon gurabe a bar kujeru da yawa ba kowa, don iyaye sun gane cewa ba kowace takardar injiniya ke kai mutum ga albashi ba. Talaka ba wawa ba ne. Yana kallon waɗanda suka fito, ba waɗanda suka shiga ba.

Da za a tambaye ni, kuma ba a tambaye ni ba, da na ce kuɗin da za a kashe a kan na farko a raba shi biyu. Rabi a bakin shiga, rabi a bakin fita, a riƙe shi wata shida ko shekara yana istaj ba tare da ya koma gida neman hatsi ba. Wurin nan ne aka tsere mini, ba a aji ba. A aji ni ke gaba.

Kada kuma in yi butulci. Wata rana na zauna na lissafa abin da lisans ɗin nan ya kawo gidanmu wanda ba albashi ba ne, ya fi yadda nake zato. Da, waken Baba kafin watan azumi ya zama gari, ƙwari sun gama da shi, ko kuwa ya sayar da kaka da arha don gudun haka. Ni na kawo masa buhun PICS, mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga, na nuna masa yadda ake matse shi. Ya yi mini kallon wanda ya zo da tatsuniya. Da bazara aka kwance, wake na nan garas ba ko huda. Bai yaba ba, ba halinsa ba ne, amma washegari na ji shi a masallaci yana koya wa mutane yadda ake ɗaurin kamar shi ya ƙirƙiro. Da Inna ta kwanta asibiti, ni na tsaya na yi magana da likita da Faransanci, na karanta takardar magani, na hana a saya mata abu biyu masu aiki ɗaya. Masu sayen maganin ƙwari a shagona na dawowa ne don ina karanta musu abin da ke jikin kwalba, ina gaya musu kwana nawa za su jira kafin su tsinki tumatir.

Auta kuma, a nan dole in sara wa mutanen Tamil Nadu ko da ƙyar. Tun tana koleji na ɗauko ta ta zauna wurina a birni. Na duba takardar haihuwarta tun tana aji ɗaya na sa aka gyara harafin nan, don ita ma an yi mata irin tawa. Na hana ta ɗaukar sashen adabi don ƙawayenta sun ɗauka, na tura ta kimiyya tana kuka. Dosiyenta na jami'a a yini ɗaya muka haɗa shi, kofe biyar-biyar. Ina cikin layin tambur sai na ga na zama kamar uban ɗan ajinmun nan na 2013. Ashe abin da suke nufi ke nan da cewa gidan da ke da mai digiri ya bambanta da wanda ba shi da shi. Gaskiya ne, ya bambanta. Auta ta gaji sanin ƙofofi. Abin da ba ta gada ba shi ne abin sakawa a aljihu in ta shiga.

Likita take so. Akwai tsangayar kiwon lafiya a jami'armu ta nan, amma gurbi ba shi da yawa, kuma karatun dogo ne, shekarun da Baba in ya ƙirga da yatsu sai ya koma hannu na biyu. In ba ta samu ba, saura makarantun lafiya masu zaman kansu, na ungozoma da na jinya, waɗanda suka cika gari. Can ne kuɗin karatu ke da haƙora, ɗaruruwan jika a shekara, ban da kayan aiki da farar riga da kuɗin zuwa asibitin koyo. Wato a daidai wurin da yafiya za ta zama kuɗi na gaske, ba gayyata kawai ba, a nan ne babu ita. Kuma karatun da ke kai yarinya ga aiki da wuri, har ta iya buɗe ɗan ɗakin shan magani ko a ɗauke ta a asibitin ƙauye, shi ne mai tsadar. Mai arhar kuwa shi ne wanda ake gamawa a zo a zauna kusa da ni a shago.

Ga ɗiya mace kuma "nawa na" tana da wani ma'auni da ni ba a auna ni da shi ba. Akwai mai nema, ɗan gidan mutunci, yana da shagon kayan masarufi a Gidan Runji, ba abin da za a kushe shi da shi. Gwaggo ta riga ta tsaya masa. Hujjarta ɗaya ce, kuma ni ce hujjar: "Namijin ma da ya yi, mi ya kawo? Balle mace, da za ta gama ta kai gidan wani." Tana faɗa ina zaune, tana miƙo mini fura. A Maraɗi kowa ya san shekarun da ake aurar da ƴan mata, yarinyar da ta kai bak ba a ɗaure mata aure ba ta riga ta zama abin magana a bakin rijiya. Kowace shekara da za ta ƙara sai an yi mata faɗa a gida, kuma mai faɗan yana buƙatar abin nunawa. Da ina da takarda mai hatimi da ke cewa gwamnati ta ɗauki nauyin karatun wannan yarinya, da na ajiye ta a gaban Gwaggo na yi shiru. Ba ta iya karatu ba, amma tana girmama hatimi.

Ba ni da ita, don haka na koma ƙauye da lissafina a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Na karanta wa Baba gida biyu, in ta sami jami'a kaza, in ba ta samu ba kaza. Na ce ci da kwana suna wuyana kamar yadda suke. Na gida na biyun ne na faɗa da ƙaramar murya. Ya sa na maimaita. Ya yi shiru yana kallon bakin zaure, inda jar akuyar Inna ke ɗaure da ƴaƴanta biyu. Sannan ya ce, "Ita dai ba noma za ta karanto ba ko?" Na ce a'a, Baba, allura. Ya ce to a kai takardun, in kaka ta yi a ga abin da wake ya yi.

Mun kai. Yanzu jiran jerin sunaye muke, Auta na duba salula kamar mai jiran kiran saurayi, ni kuma na fara ajiye ribar taki a wata gwangwani daban da matata ba ta san da ita ba, ko kuma ta sani tana yi mini kara. Ranar Alhamis da ta wuce gwaggon mai neman Auta ta sake zuwa da goro a ƙullin ganye. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, suka gaisa har da tambayar awaki. Da ta nemi ganin mai gida, Inna ta ce ya tafi gona tun da safe, ba ta san lokacin dawowarsa ba. Takalmansa na nan a bakin ɗaki, yana ciki yana sauraron rediyo, ya rage murya.